Gasar kacici-kacici: wane bayani ne tabbas, wanne ne ƙanzon kurege?

Tambaya: An ɗora mini nauyin shirya tambayoyin gasar kacici-kacici ta ɗalibai a fannonin tarihi, gine-gine, wasanni, abinci da nishaɗi. Na tsinto bayanai da yawa a intanet: wai ana hango Ganuwar Sin daga duniyar wata, wai Napoleon, sarkin Faransa na da, gajere ne, wai matafiyin nan Marco Polo ne ya kai wa Italiya taliya daga Sin, wai lambar zinare ta Olamfik zinare ce zalla, wai zuma ba ta lalacewa. Wanne zan ɗauka, kuma yaya zan tsara tambayoyin yadda ba za a yi mini gardama ba?

Amsa: Malama, cikin biyar ɗin da kika lissafa huɗu ba su da tushe, na biyar kuwa, wato zancen zuma, gaskiya ne amma da sharaɗi. Sai dai ba su ne za su wahalar da ke ranar gasa ba, domin ƙarya tsagwaronta ba ta da wuyar cirewa. Abin da ke tayar da jijiyoyin wuya shi ne bayanin da yake gaskiya amma aka kawo shi ba shekara, ba ma'auni, kuma ba a fayyace me ake nufi da "na farko" ko "mafi tsawo" ba. Ɗalibai biyu sai su ba da amsa daban-daban, kowannensu yana da gaskiya, ke kuma takardarki amsa ɗaya ta ɗauka.

A fara da ganuwar. Faɗinta a sassan da aka fi sani bai wuce mita biyar zuwa takwas ba, wata kuma yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,400. Hango ta daga can daidai yake da hango silin gashi ɗaya daga nisan kilomita uku ko fiye. Ɗan sama-jannatin Sin na farko, Yang Liwei, da ya zagaya duniya a 2003 daga kusa-kusa ma, ya ce bai gan ta ba. Tambayar tsawonta ita ce mai tarko: ƙididdigar da hukumomin Sin suka fitar a 2012 ta ce kilomita 21,196, amma wannan ya haɗa duk bangon da dauloli daban-daban suka gina, har da ramuka da kufai. Wadda daular Ming ta gina, wato wadda ake gani a hotuna, kilomita 8,850 ce. Ki faɗi wadda kike nufi a cikin tambayar.

Haka batun gini mafi tsawo. Burj Khalifa na Dubai, mita 828, wanda aka buɗe a Janairun 2010, ba shi da abokin gardama. Amma idan kika koma shekarun baya akwai rikici. Tagwayen hasumiyoyin Petronas na Kuala Lumpur suna da mita 452, suka karɓe kambu daga ginin Sears na Chicago mai mita 442, alhali rufin Sears ya fi nasu tsawo. Dalili shi ne ƙa'idar masu auna dogayen gine-gine tana ƙirga tsinin da yake cikin zanen gini tun asali, amma ba ta ƙirga eriya, domin ita ana iya ɗorawa ana iya saukewa.

Hasumiyar Eiffel ta birnin Faris ta fi kowa saɓa wa masu shirya tambaya, saboda tsawonta ya sauya sau da yawa. A 1889 ƙarfen kansa mita 300 ne, da sandar tuta 312. An daɗe ana cewa 324, sai a Maris na 2022 aka ɗora sabuwar eriya ta koma 330. Littafin da ke hannun ɗalibi zai iya ɗaukar kowanne daga cikin waɗannan. Zancen cewa tana ƙara tsawo lokacin zafi kuwa gaskiya ne, kuma kina iya sa ɗalibai su lissafa da kansu: ƙarfe yana miƙewa da kimanin kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri ɗaya na Salshiyas. Mita 300 sau 0.000012 sau bambancin digiri 40 tsakanin sanyi da zafi ya ba da santimita 14 da 'yan kai. Shi ne asalin "santimita 15" da ake ta yaɗawa. Kada kuma ki tambayi "wa ya zana ta" kina jiran Gustave Eiffel. Injiniyoyinsa biyu, Maurice Koechlin da Émile Nouguier, su suka yi zanen farko a 1884, Stephen Sauvestre ya ƙawata shi. Kamfanin Eiffel ne ya gina, don haka "kamfanin wa ya gina ta" ita ce tambayar da ba ta da kafar zillewa.

Karkatacciyar hasumiyar Pisa ta Italiya ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, don kusan duk abin da ake faɗa game da ita rabin labari ne. An fara ginin a 1173 da harsashi mai zurfin mita uku kacal, a kan ƙasa mai laushi ta yumɓu da yashi, ga gini na dutse mai tsawon kusan mita 56. Ana hawa na uku ta fara nutsewa, daga baya ta karkata ta ɓangaren kudu. Yaƙe-yaƙe suka tsayar da aikin kusan shekara ɗari, kuma wannan tsaikon ne ya cece ta: ƙasar ta samu lokacin da ta danne ta yi tauri ƙarƙashin nauyin. Da an zarce da ginin a jere da ta kife tun a lokacin. Da magina suka dawo sai suka riƙa ƙara tsawon bangon ɓangaren da ya nutse don su mayar da ita daidai, shi ya sa hasumiyar ba a karkace kawai take ba, a ɗan lanƙwashe take. An kammala a 1372. A 1934 aka huda harsashin aka ɗura siminti da nufin ƙarfafa shi, sai karkatar ta ƙaru. Zuwa 1990 ta kai digiri 5.5, aka rufe ta. Maganin da ya yi aiki bai taɓa ɓangaren da ya nutse ba ko kaɗan: an fara jibge tan 600 na dalma a gindinta ta arewa, daga baya aka riƙa zaro ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin arewar da dogayen bututu, don wannan ɓangaren shi ma ya sauka. Ta miƙe da kimanin santimita 44, aka sake buɗe ta a 2001, yanzu tana wajen digiri huɗu. Kin ga tambayar "digiri nawa ta karkata" tana da amsa biyu, ya danganta da shekarar.

Babbar dalar Giza ta Masar ma amsa biyu gare ta: mita 146.6 da aka gina ta, kimanin 138.5 a yau, bayan ta rasa dutsen ƙololuwa da farin dutsen da aka lulluɓe ta da shi. Ita ce ke kai mu ga wani bayani da yake kama da zuƙi ta malle amma gaskiya ne: zamanin Kiliyofatara, sarauniyar Masar, ya fi kusa da saukar ɗan Adam a duniyar wata fiye da kusancinsa da ginin dalar. An gama dalar wajen shekara ta 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ita kuma ta rasu a shekara ta 30 kafin haihuwarsa, tazarar shekara 2,530 ke nan. Daga rasuwarta zuwa 1969 shekara 1,998 ce. Ki lura ban ce 1,999 ba. Kalandar Miladiyya ba ta da shekarar sifili, daga shekara ta 1 kafin haihuwa ake tsallakawa zuwa shekara ta 1 bayanta, don haka duk lissafin da ya ƙetara wannan iyaka sai an haɗa lambobin biyu a cire ɗaya. Malamai da yawa suna faɗawa wannan rami.

Kalanda ce ke haifar da mafi yawan saɓanin ranaku a tarihi. Tsohuwar kalandar Juliyas ta ɗauki shekara a kwana 365 da rubu'i, alhali shekarar rana ta gaza haka da kusan minti 11. Ƙaramin abu ne, amma yana tara kwana guda a duk shekara 128. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya yanke kwana goma, aka kwana Alhamis 4 ga Oktoba aka tashi Juma'a 15 ga Oktoba. Birtaniya ba ta bi ba sai 1752, ta yanke 11. Rasha ta jira har 1918, ta yanke 13. Wannan ya sa juyin juya halin Rasha na 1917 da ake kira "na Oktoba" ya auku ne ranar 7 ga Nuwamba a kalandar da muke amfani da ita. Idan kika tambayi wata, duka amsoshin biyu daidai ne. Ki tambayi shekara, ko kuma ki mayar da saɓanin kansa ya zama tambayar.

Na Napoleon kuma ma'auni ne ya yi masa sharri. An rubuta tsawonsa ƙafa biyar da inci biyu, amma da ma'aunin Faransa na wancan zamani, wanda incinsa santimita 2.71 ne, ba 2.54 irin na Ingila ba. Inci 62 na Faransa santimita 168 ne, na Ingila kuwa 157. Santimita 168 tsawon namiji ne matsakaici a Faransar lokacin. Masu zanen barkwanci na Ingila irin su James Gillray, da suka riƙa zana shi ɗan firit cikin ƙatuwar hula, su suka ƙarasa aikin.

Akwai biyu masu sauƙi da za ki iya ɗauka. Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Ingila da Faransa ya ɗauki shekara 116, daga 1337 zuwa 1453. Yaƙi mafi gajarta shi ne na Birtaniya da Zanzibar ranar 27 ga Agusta 1896, amma kada ki kafe a kan minti 38, majiyoyi sun bambanta tsakanin 38 da 45, ki karɓi duk abin da ya faɗo tsakani. Tambayar jami'a mafi daɗewa kuwa ni zan cire ta, ko in raba ta biyu. Al-Ƙarawiyyin ta birnin Fas a Maroko, wadda ake jingina kafa ta ga Fatima al-Fihri a 859, ta fara ne a matsayin masallaci da makarantar ilimi. Bologna ta Italiya tana ƙirga kanta daga 1088 a tsarin jami'a irin na Turai. Gardamar ta ma'anar kalmar jami'a ce, ba za a warware ta cikin daƙiƙa talatin a gaban 'yan kallo ba.

Lambar zinare ta Olamfik azurfa ce aka yi wa ruwan zinare. Ƙa'ida ta ce azurfar ta kai tsarkin kashi 92.5 cikin ɗari, zinaren da aka shafa kuma kada ya gaza giram shida. Ta gasar Faris ta 2024 nauyinta giram 529, zinarenta shidan nan ne, a tsakiyarta kuma an saka giram 18 na tsohon ƙarfen hasumiyar Eiffel. Rabon da a ba da ta zinare zalla tun gasar Stockholm ta 1912, kuma waɗancan ƙanana ne ƙwarai. A gasar farko ta zamani, Atina 1896, wanda ya zo na ɗaya azurfa aka ba shi. Jerin zinare, azurfa, tagulla ya fara ne a 1904.

Tsawon gudun yada-ƙanin-wani, kilomita 42.195, ba daga Girka ya fito ba, duk da labarin manzon da ya sheƙo daga Marathon zuwa Atina. A 1896 kimanin kilomita 40 aka yi. Lambar mai wutsiya ta samo asali ne daga gasar Landan ta 1908, inda aka shata hanya daga fadar Windsor zuwa filin wasa na White City, ta kama mil 26 da yadi 385. Gasannin 1912 da 1920 ma kowace da nata tsawon. Sai a 1921 aka tsayar da na Landan ya zama doka.

A ƙwallon ƙafa ne ɗalibai suka fi yawan sani, don haka a nan aka fi kama mai tambaya. Kada ki ce "wa ya ci wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1950", domin ba a yi wasan ƙarshe ba a shekarar. Ƙasashe huɗu ne, Birazil, Yurugwai, Sifaniya da Suwidin, suka kara da juna a zagayen ƙarshe ana tara maki. Dace aka yi wasan da ya rage, na Birazil da Yurugwai a filin Maracanã ranar 16 ga Yuli, shi ne mai raba gardama: kunnen doki ya ishi Birazil, Yurugwai ta ci 2 da 1. Katin da alƙalin wasa ke ɗagawa kuma Ken Aston, wani tsohon alƙalin wasa na Ingila, ya ƙirƙiro shi bayan ruɗanin da aka yi wajen korar kyaftin ɗin Ajantina Antonio Rattín a 1966, ya kwaikwayi fitilar ba da hannu ta kan titi. An fara amfani da shi a gasar 1970 a Meziko, amma ba a kori kowa ba a duk gasar. Jan kati na farko a Kofin Duniya sai a 1974, Carlos Caszely na Chile ya karɓe shi. Korar ɗan wasa ta girmi katin nesa ba kusa ba, don haka "wanda aka fara kora" da "wanda aka fara ba jan kati" mutane biyu ne daban.

"Wa ya fi cin ƙwallo a Kofin Duniya" tana da amsa uku. A gasa guda, Just Fontaine na Faransa, ƙwallo 13 a wasa shida a 1958. A jimillar gasannin maza zuwa ƙarshen ta 2022, Miroslav Klose na Jamus da 16. Idan aka haɗa da na mata, Marta ta Birazil tana da 17. Duk tambayar da ta shafi bajintar da ake iya karyawa, ki ɗaure ta da shekara. Ko Usain Bolt lamba biyu gare shi a mita ɗari: daƙiƙa 9.58 a gasar duniya ta Berlin a 2009, da 9.63 a Olamfik ta Landan a 2012.

Batun taliya ba ya buƙatar dogon musu, ranaku sun kashe shi. Marco Polo ya koma Venice daga Sin a 1295. Tun a 1154, shekara ɗari kafin a haife shi, masanin taswira al-Idrisi, wanda ya yi wa Sarki Roger na Biyu na Sisili aiki, ya rubuta cewa a garin Trabia kusa da Palermo ana yin wani abinci na gari mai siffar zare da ake kira itriyya, ana lodinsa a jiragen ruwa zuwa ƙasashe. Labarin Marco Polo wata mujallar masu masana'antar taliya ta Amurka ce ta yayata shi a 1929. Abin da ya zo Italiya daga waje da gaske shi ne tumatir, daga nahiyar Amurka, kuma ba a ambace shi a rubuce a can ba sai tsakiyar ƙarni na 16. Haka dankali, masara, barkono da koko, duk bayan 1492 suka bazu a sauran duniya. Tambayar ko tumatir ɗan itace ne ko kayan lambu ita ma ki fayyace ta. A ilimin tsirrai ɗan itace ne, tunda daga fure yake fitowa kuma yana ɗauke da iri. Amma Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1893 cewa kayan lambu ne, domin shari'ar ta kuɗin fito ce: ana biya a kan kayan lambun da aka shigo da su, ba a biya a kan 'ya'yan itace, kotun kuma ta bi yadda mutane ke cin sa.

Zuma tana daɗewa saboda dalilai uku da suka haɗu: ruwan da ke cikinta kashi 17 zuwa 18 ne kawai cikin ɗari, sukarinta kusan kashi 80 yana tsotse ruwan jikin duk ƙwayar cutar da ta faɗa, kuma tana da tsami a kimiyyance, wajen lamba 4 a ma'aunin pH. Sharaɗin shi ne a rufe ta ruf. Zuma tana jan danshi daga iska, kuma da ruwanta ya haura kashi 20 sai yis ɗin da ke cikinta ya farka, ta yi kumfa ta yi tsami. Wadda aka ɗiba kafin ƙudan zuma su toshe saƙar ma haka take yi, don ba ta gama bushewa ba. Daskarewa kuwa ba lalacewa ba ce, a sa kwalbar cikin ruwan ɗumi mai zafin digiri 40 ta narke. Wani abu da ya kamata ɗalibai su ji ko da ba ya cikin gasa: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, saboda tana iya ɗaukar irin wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya kashewa ba tukuna. Tunda ana maganar abinci, zafin barkono ba a ƙwayarsa yake ba, a farar tsokar ciki da ƙwayoyin ke manne yake. Sinadarin da ke kawo zafin yana narkewa a mai ba a ruwa ba, shi ya sa madara ke kwantar da raɗaɗi, ruwa kuwa yaɗa shi yake yi a baki.

A nishaɗi kalmar "na farko" ce annoba. Hoton motsi mafi daɗewa da ya tsira Louis Le Prince ya ɗauke shi a Leeds a 1888, kusan daƙiƙa biyu ne. Nunin da aka saba ƙirgawa a matsayin haihuwar silima shi ne na 'yan'uwan Lumière a Faris ranar 28 ga Disamba 1895, inda mutane suka biya suka kalla. Fim mai magana na farko ana cewa The Jazz Singer na 1927, amma maganar da ke cikinsa 'yan mintuna ce, sauran waƙa ce da rubutu a allo. Wanda aka yi magana daga farko har ƙarshe shi ne Lights of New York na 1928. Snow White na 1937 ba shi ne dogon fim ɗin zane na farko ba: Quirino Cristiani ya yi El Apóstol a Ajantina a 1917, gobara ta cinye shi, kuma na Lotte Reiniger ta Jamus na 1926 yana nan har yau. A kyautar Oscar, wadda aka fara bayarwa ranar 16 ga Mayu 1929, ki kula da shekarar fim da shekarar biki. Titanic ya fito a 1997, ya karɓi kyaututtukansa 11 a 1998. Ba shi kaɗai ke da 11 ba, akwai Ben-Hur na 1959 da The Return of the King na 2003, don haka "wane fim ya fi samun Oscar" amsa uku ce.

Wajen shirya takardar amsa, kowace tambaya ki rubuta mata abu huɗu a gefe: amsar, shekarar da amsar take aiki, ma'aunin da aka yi amfani da shi, da iyakar abin da za a karɓa. A tambayar lamba, sassaucin kashi biyar cikin ɗari sama ko ƙasa ya isa, ban da shekaru da sakamakon wasa, su sai daidai. Kowane bayani ki tabbatar da shi a wurare biyu da ba su kwafi juna ba, kuma ɗaya ya kasance na masu abin, kamar hukumar wasan ko masu kula da ginin, domin shafuka ashirin da suka faɗi abu ɗaya sau da yawa daga shafi guda suka kwaso. Ki ba wani malami takardar ya amsa ba tare da ya ga amsoshinki ba; duk inda ya tsaya ya ce "wanne kike nufi?", tambayar ce ke da ciwo, a sake rubuta ta. Sannan ki ajiye tambaya ɗaya ta raba gardama idan an yi kunnen doki, wadda ba wanda zai san lambarta daidai, wanda ya fi kusa shi ya ci. Yawan ƙusoshin da suka riƙe hasumiyar Eiffel ya dace da wannan: miliyan biyu da rabi, suna haɗe da guntayen ƙarfe 18,038.